Iccen Baɗi

Ni dai har na yi aure ban taɓa sayen icce da hannuna ba. A gidanmu na Tasawa icce abu ne da ake tararwa a jingine bayan madafa, kamar yadda ake tarar da ruwa a randa. Ban taɓa tambayar wa ya kawo shi ba, balle wane iri ne. Da aka turo ni Mayahi koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi ina cin abincin saye. Da na yi aure kuwa sai na sayo ƴar tukunyar gaz, ina ta hura hanci wai ni gidana ba a hayaƙi. To ka ji irin mutumin da sayen iccen wanka ya faɗo a kansa.

Matata ƴar garin ce. Da cikinta na fari ya shiga wata bakwai aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta, can unguwar da ke gangaren gulbi, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Kakarta ce ta zo ɗaukarta, wata ƴar tsohuwa mai kaifin baki wadda tun ranar ɗaurin aure take kirana angonta. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kaya a ka, ta dube ni sama da ƙasa.

"Angona, mun ɗauke maka namu nauyin, saura naka. Ka dai san ruwa ba ya tafasa da alli."

Na gane abin da take nufi. Mai jego a wurinmu wanka take yi da ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, iccen kuma na miji ne. Ba a roƙonsa, ba a tuna masa sau biyu. Gidan surukai zai aika da shi tun kafin a sauka, kuma duk matan unguwa sai sun leƙa sun gani. Ga shi lokacin bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma. Haihuwar za ta faɗo a farkon damina, lokacin da masu amalanke ke komawa gona, busasshen icce ya zama abin nema da fitila. Abin da nake tsoro biyu ne: kada matata ta rasa ruwan zafi, kada kuma in ji kunya a gaban Inna, uwarta, wadda tun da na shigo gidan ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai "a ce masa".

Ran kasuwa ina tashi daga aji na nufi wurin masu icce, bayan kasuwar dabbobi. Na fara tsayawa gaban wani tsoho mai amalanken shanu. Iccensa kuwa ba kyan gani, wallahi. Toka-toka, a karkace, duk ya tsattsage, ɓawon ya zube. Ya ɗago malafarsa ya dube ni.

"Mushe," haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu, "iccen mi kake nema?"

Yanzu ni, sabon ango, a tsakiyar kasuwa, in buɗe baki in gaya wa sa'an ubana cewa matata ce za ta haihu? Ai ko da wuƙa a wuya. Na ce masa, "Icce dai, Baba."

Ya ce, "Icce dai babu shi a amalanken nan."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuci, mutum da tarkacensa har da yanga. Na wuce gaba, wurin wani mai fara'a wanda bai tambaye ni komi ba. Nasa iccen abin sha'awa: miƙaƙƙe, tsawo ɗaya, an faskara shi fes, cikinsa fari tas yana ƙamshi. Na ɗaga guda na ji nauyi. Nan na yi lissafin da nake koya wa yara a allo: abin da ya fi nauyi ya fi yawa, abin da ya fi yawa ya fi daɗewa a wuta. Na ce, "Kai, da nauyi!" Ya ce, "Da nauyi ƙwarai, Mushe. Wanga icce sai kun gaji da ganinsa." Na sa aka loda amalanke biyu, na kwatanta masa gidan, na koma gida ina jin kaina namiji.

Da yamma mai amalanken ya biyo ta ƙofata da saƙo. Inna ta ce a gaishe ni, an ga icce, an gode, Allah ya ƙara buɗi. Ta kuma ce iccen baɗi ne.

Iccen baɗi! Daɗi ya kashe ni. Na ɗauka tana nufin ya yi yawan da za a yi wanka a gama, a yi ta girki da shi har shekara ta zagayo. Washegari a lakwal ban bar kowa ya sha ruwa ba. Na gaya wa malamai ɗaya bayan ɗaya yadda surukata ta yaba. Direktanmu, shugaban lakwal ɗin, wani dattijo mai ƴaƴa takwas, ya saurare ni har ƙarshe, ya yi tari, ya ce yana da aiki a biro, wato ofis. Kwana uku na yi ina tafiya kamar ni na gina garin.

Ran Juma'a bayan masallaci na je gaisuwa. Na durƙusa a zaure, Inna ta amsa daga bayan zana kamar kullum. Ina shirin tashi sai ga Kaka ta fito riƙe da faskare guda. Kansa ɗaya ya yi baƙi, ɗaya kan kuma yana ta tsiyayar da kumfa yana tsuwa.

"Angona, zo ka lallashi iccenka, tun safe yake kuka."

Na karɓi faskaren ina jujjuya shi.

"Bedi ne, dogon yaron da aka sassabe kwanan nan. Ruwa ka saya, ɗan nan, ruwa a cikin ɓawo. Sai ya sha rani guda cur kafin ya san wuta. Baɗi war haka ya yi daidai." Ta rage murya. "Matarka tun jiya take ɓoyewa bayan rumbu tana hura shi, wai sai ta nuna muna yana kamawa. Je ka dubi idonta, kamar gauta."

Dariyar da na jiyo daga cikin gida ba ta dame ni ba kamar wannan maganar. Mace da tsohon ciki ta durƙusa cikin hayaƙi don ta rufa mini asiri. Na fito zauren nan ban san ta inda na bi ba.

Ina da zuciya, ban ɓoye ba. Kasuwa na zagayowa na tafi neman mai fara'a da niyyar in wanke shi tas. Ya saurare ni yana sakace haƙori, ya ce, "Mushe, ka tambaye ni ko busasshe ne? Ka ɗaga ka ce da nauyi, na ce da nauyi. A ina na yi maka ƙarya?" Gaskiyarsa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Tsohon nan yana inda na bar shi, yana ba shanunsa harawa. Na gaishe shi gaisuwa mai tsawo, irin ta wanda ya san ya yi laifi. Ya amsa duka, sannan ya ce, "To, Mushe, iccen mi kake nema?"

"Na ruwan zafi, Baba."

"Shayi?"

"A'a."

"Figar kaji?"

Na dubi ƙasa, na dubi shanu. Mutane sai wucewa suke yi, ni kuwa gani nake duk kasuwar ta kasa kunne. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Iyali ne suka tafi gida."

Ya yi dariya har malafarsa ta zame. "Madalla! Allah ya raba lafiya. Ai tun ran nan na sani. Saurayi da alli a hannun riga yana zagaya icce yana kallon ƙasa, mi ya rage? Amma ina so ka faɗa da bakinka. Wanda zai zama uba ya fara koyon buɗe baki."

Ya ce ba don neman magana yake tambaya ba. Kowane aiki da iccensa. Mai tuyar ƙosai tana son sabara da geza, sirara masu saurin harshe. Mai tuwo kalgo ya ishe ta. Amma ruwan wanka a rabin tano ake dafa shi, gangar nan ta mai da ake yankawa biyu, kuma sau biyu a yini. Wannan sai icce mai kauri mai riƙe wuta, wanda za a tura guda uku a tafi a bar shi yana aikinsa. Abin da ke kan amalanken ba zai kai ni mako biyu ba. In da gaske nake, in same shi gida ran Lahadi, a kan hanyar Atantane, in an wuce rijiya ta biyu a tambayi rugar mai icce.

Na ari moto, wato babur, na tafi tun da sanyin safiya. Tsohon Bafillace ne da ya daɗe da zama wuri ɗaya, yana kiwo yana noma. Da ni Hausa yake yi tsantsa, da shanunsa Fillanci. Gonarsa ba irin tamu ba ce da ake share komi ƙarƙaf kafin shuka. Ko'ina ka duba ga kalgo, ga sabara, ga taramniya, an bar su sun tashi, an rage musu rassa. Ya ce abin da ya rage ɗin nan shi ne iccensa, kowace shekara. Gawo kuwa ba ya sa masa gatari, ko ma'aikatan gandun daji ba su hana ba, don ƴaƴansa ne abincin shanunsa da rani.

A bayan bukkoki ya kafa gwafanni ya shimfiɗa sanduna a kai, ya tara iccen a sama saboda gara. Tsibi uku. Ya nuna da sanda: na bana, na bara, na bara waccan.

"Zaɓi," ya ce, ya samu inuwa ya zauna.

Ni da na riga na ƙone da nauyi, sai na juya lissafin. Na shiga ɗaga icce ina ware marar nauyi. Na kawo masa wani da ya yi sakayau kamar kara ina murmushi. Ya karɓa, ya matsa shi da babban yatsa, yatsan ya nutse, gari ya zubo.

"Wanga ya mutu sau biyu. Gara ta cinye abin da wuta za ta ci. Ka sa shi a murhu, kafin ka juya ya zama toka."

Ya miƙo mini wani gungume baƙi-baƙi, na kusa sakinsa a ƙafata don nauyi. Na ce ai wannan ɗanye ne. Ya ce ƙirya ce, shekara uku da mutuwa a tsaye, ko ta shekara goma haka nauyinta yake. Na ce, "To Baba, mai nauyi ba shi ba, marar nauyi ba shi ba, ina zan kama?" Har na fara ɗaga murya.

Ya ce, "Hannu kaɗai kake tambaya. Ba ka da ido? Ba ka da kunne?"

Ya nuna mini kan icce inda aka sare. In ya bushe har ciki za ka ga tsaga ta fito daga tsakiya ta bazu zuwa baki. Ya sa na ɓanɓare ɓawo da farce: in ya taso da kansa, madalla, in ya manne yana nuna kore a ƙasa, a mayar. Ya sa na shinshina. Ɗanye yana warin ganye, busasshe kusan ba ya warin komi sai rana. Sannan ya ɗauki biyu ya gwara su. Suka ce ƙwal, ƙara mai tsawo, har wani sa ya ɗago kai. Ya ɗauko biyu daga tsibin bana ya gwara, suka ce dum, kamar an bugi buhun gero.

Haka na yini. Kowane icce sai na duba, na ɓanɓara, na gwara, in kai gabansa. Wanda ya yarda da shi ya gyaɗa kai, wanda bai yarda ba ya wurgar da shi baya ko kallona bai yi ba. Da farko cikin biyar yana mayar da uku. Wajen azahar sai na lura ya daina dubawa, yana ta gyaran igiyar shanu. Sartse ya cika mini tafin hannu, rigata ta lakwal ta tashi daga aiki. Matarsa ta kawo mana fura da nono a ƙwarya, muka sha a gindin gawo, iska tana kaɗawa da ƙamshin ruwan da aka yi wani wuri can nesa. Ban san ranar da na ji daɗin jikina kamar wannan ba. Har yau in na tsaya gaban mai icce sai na gwara biyu kafin in yi ciniki, kuma har yau ƙarar tana faranta mini rai.

Ran Talata da hantsi ya kawo kayan, amalanke biyu, ƙirya da kalgo, da ɗan damin sabara a sama na kunna wuta wanda ya ce kyauta ce ga mai zuwa. Bai yarda ya zubar a ƙofar gida ya tafi ba, kamar yadda ake yi. Shi da kansa ya shiga da shi ƙarƙashin rumfa, ya jera duwatsu a ƙasa, ya ɗora manya a kai, ƙanana a bisa, ya lulluɓe da tsohuwar zana da leda, ya bar gefe ɗaya a buɗe don iska. Ni ina can kwanar layi a gindin wata bishiya, na kara waya a kunne ba da kowa nake magana ba.

Na jira saƙo. Shiru. Ran Juma'a na je gaisuwa, Inna ta amsa daga bayan zana, ba ta ce komi a kan icce ba. Na tsare Kaka da ido, ta ce, "Mun gani," ta shige. Na tambayi matata a waya, ta ce ita ma ba ta ji Inna ta ce uffan ba. Wancan karon an yaba na sha kunya, wannan karon ba a ce komi ba, na rasa inda zan ajiye zuciyata.

Ana haka aka tura ni tsaron jarrabawa wani ƙauye gaba da Atantane, kwana uku. A rana ta biyu aka yi ruwan farko, irin mai iska da ke kwashe rufin bukka. Ina tsaye a bakin aji ina kallonsa, ba abin da nake tunani sai ledar nan da tsohuwar zana. Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Muryar Kaka ce, tana ihu kamar yadda tsofaffi ke yi da waya: "Angona, mun tafi likita da yarinyar!" Sai layin ya ɗauke. Na kira, na kira, na hau tudu, na ɗaga wayar sama, babu. Yadda na kwana ba sai na faɗa ba.

Ana sallame sallar asuba na nemi izini na hau moto. Hanyar ta zama taɓo, sau biyu ina faɗuwa, a gulbi sai da na tura shi ruwa har gwiwa. Rana ta ɗaga sosai na shigo unguwar.

Tun ina yaro na san gidan jego daga nesa. Da safe za ka ga hayaƙi ya turnuƙe bisa katanga, har maƙwabta su yi ta tari, balle a damina. Ina shawo kwanar layin na ɗaga kai na dubi saman gidan surukaina. Fes. Ko ɗigon hayaƙi babu. A ƙofar gida kuma ga maza zaune a kan tabarmi.

Na kashe moto. Na sauka. Na ce ko dai iccen ya jiƙe ya ƙi kamawa, ko kuma babu wadda za a dafa wa ruwan. Na biyun nan ban iya ƙarasa shi ko a zuci ba. Na tsaya a nan riƙe da kan moto ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai ƙaramar ƙofar baya ta buɗe. Kaka ta fito da ɗaurin ƙirji, gumi sharkaf, ta watsar da ruwa daga kwano a lungu, tururi ya tashi. Ta hango ni.

"La ilaha! Angona, mi kake yi nan a laɓe kamar ɓarawon akuya? Dubi jikinka!"

Na ce, "Kaka, ban ga hayaƙi ba."

"Hayaƙin mi? Kai da ka aiko da ƙirya kake neman hayaƙi? Tun asuba tano ke tafasa, gungume uku kacal muka tura, har yanzu ba su ci rabi ba. Ɗiya mace aka samu tun jiya kafin magariba. Da safen nan aka sallamo su, yanzu na gama yi wa uwar wanka, tana can tana shan kunun kanwa tana tambayar ko ka iso."

Na jingine moton a bango, ban ma san ya faɗi ba. Mazan ƙofar gida suka taso da barka, ina amsawa ban san me nake cewa ba. Na shiga zaure na durƙusa inda na saba, taɓo yana ɗiga daga wandona a kan tabarmar mutane. Na ji motsi a bayan zana. Na sunkuyar da kai ina jiran a ce a ce mini.

Inna ta ɗaga zanar da hannunta. Ta dube ni, ni ɗin nan, ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Shigo daga ciki ka ji ɗumin wuta, ka jiƙe."

Na shiga. Ta sa aka ajiye mini kujera ƴar tsugune a gefen murhu. Garwashi ya yi jajir a ƙarƙashin tano, ruwan yamma har ya fara motsi. Daga ɗakin da ke bayana na ji wani ɗan siririn kuka, na ji muryar matata tana cewa yi shiru, ga shi nan ya zo. Hawaye suka zubo mini a gaban surukata da matan unguwa, ga shi babu hayaƙin da zan ɗora wa laifi.